Disney ko Universal: ina ya kamata iyali su kai kuɗinsu a Orlando?

Duk wanda Allah ya hore masa abin da zai ɗauki iyalinsa zuwa Orlando, a jihar Fulorida ta Amurka, ko wanda yake zaune can Amurkar ya ware mako guda na hutun yara, tambaya ɗaya ce ke fara tare shi: Disney za a je ko Universal? Tsakanin waɗannan manyan gidajen shaƙatawa biyu tafiyar kamar minti 20 ce a mota in hanya ta yi sauƙi, amma kuɗin shiga ba ya barin mutum ya ce bari a leƙa ko'ina. Iyali mai mutum biyar, tikitin yini ɗaya kaɗai zai iya cin dala 800 ko 900, ba a zo maganar ci da sha da makwanci ba. Ni a ganina ba a yin wannan zaɓi daidai sai an duba inda kowane kamfani ya zuba dukiyarsa, da kuma ranar da dukiyar za ta zama abin da yaro zai hau ya yi ihu.

Disney ce uwargida a garin. Ta buɗe dandalinta na farko a can, Magic Kingdom, ranar 1 ga Oktoba, 1971, a wani fili mai fadama da dausayi da ta saya a hankali ba tare da ta bayyana sunanta ba, filin da yau ya kai kusan eka 25,000. Daga baya ta ƙara EPCOT a 1982, da dandalin fina-finai da yanzu ake kira Hollywood Studios a 1989, da Animal Kingdom a 1998. Wancan na 1989 ma kishi ne ya gaggauta shi, domin Universal tana kan ginin nata dandalin fim, Disney ta riga ta buɗewa da shekara guda. Universal ta iso a 1990, ta ƙara Islands of Adventure a 1999, amma shekaru da dama matsayinta bai wuce wurin da ake ba yini ɗaya bayan an gama da Disney ba.

A watan Yuni na 2010 lamarin ya juya. Universal ta buɗe unguwar Harry Potter a Islands of Adventure, a shekarar kuma masu shiga dandalin suka ƙaru da kusan kashi 30 cikin 100. Ba lilo ɗaya ta gina ta liƙa masa suna ba. Gari ta gina, da tituna da shaguna da abinci da abin sha irin na cikin labarin, har mutane suka riƙa bin layi don su shiga kanti su kashe kuɗi. Wannan shi ya koya wa masana'antar gaba ɗaya cewa mutum zai biya ninki in ka saka shi cikin labarin da ya riga ya so. A 2014 ta ƙara unguwa ta biyu a ɗaya dandalin, ta haɗa su da jirgin ƙasa, kuma ba a hawa jirgin sai da tikitin da ya haɗa dandali biyu. Dabara ce ta kasuwa tsantsa, kuma ta ci.

Disney ba ta zauna ba. Ta buɗe unguwar Pandora a Animal Kingdom a 2017, Toy Story Land a 2018, sai unguwar Star Wars mai eka 14 a 2019. Akwai ma wani abu da yake ba baƙi mamaki: Disney ta sayi kamfanin Marvel a 2009 kan kusan dala biliyan 4, amma yaron da yake son Spider-Man ko Hulk a Orlando, Universal za a kai shi. Tun a shekarun 1990 Universal ta ƙulla yarjejeniyar amfani da waɗannan jarumai a gabashin kogin Mississippi, kuma yarjejeniyar tana nan har gobe.

Zagaye na yanzu shi ya fi shafar aljihunka. Ranar 22 ga Mayu, 2025, Universal, wadda kamfanin Comcast ke mallaka, ta buɗe Epic Universe, babban dandali na farko da aka gina a Orlando tun 1999. An ƙiyasta ya ci kimanin dala biliyan 7. Yana da sassa biyar: lambun tsakiya da ake kira Celestial Park, da Super Nintendo World, da tsibirin Berk na labarin dodanni masu tashi, da unguwar Harry Potter ta uku, da Dark Universe ta dodannin ban tsoro. Ita kuwa Disney tun a Satumba 2023 ta sanar da cewa za ta kashe dala biliyan 60 cikin shekara goma a harkar shaƙatawa. Ba abin mamaki ba ne, domin wannan ɓangare shi ke kawo mata fiye da rabin ribarta, ba fina-finai ba.

A nan nake so mai karatu ya tsaya. In ka ɗora biliyan 60 kusa da biliyan 7 sai ka ce ai an gama magana. Ba haka ba ne. Biliyan 60 ɗin na duniya ne gaba ɗaya, da Kalifoniya da Faris da Hong Kong da Shanghai, har da sababbin jiragen ruwa na yawon shaƙatawa. Abin da ta ƙulla da hukumar yankinta a Fulorida a 2024 shi ne har dala biliyan 17, cikin shekara 10 zuwa 20. Kuma mafi yawan abin da ta yi alkawari a Orlando yana bayan katangar gini: unguwar miyagun taurarin labaranta da ta motocin Cars a Magic Kingdom, unguwar Monsters, Inc. a Hollywood Studios, da Tropical Americas a Animal Kingdom wadda aka sa wa 2027. Kafin a gina sai an rushe, shi ya sa a 2025 aka rufe kogin da ke cikin Magic Kingdom da tsibirinsa, aka rufe wasan Muppets, aka soma tashin unguwar dinoso. Wanda ya je Disney kafin a gama waɗannan zai biya cikakken kuɗi, ya tarar da wasu kusurwoyi a killace. Kuɗin Universal kuwa ya riga ya zama ƙofa buɗaɗɗiya. Wannan shi ne bambanci mafi girma a tsakaninsu a 'yan shekarun nan, ya fi duk wani talla da za ka gani.

Sai dai kar a ɗauka yawan kuɗi shi ne dacewa. Disney ta gina wani otal na Star Wars, inda baƙi ke kwana biyu kamar suna cikin jirgin sararin samaniya, a kan kusan dala 5,000 ga mutum biyu. An buɗe shi a Maris 2022, aka rufe a Satumba 2023. Haka ita ma Epic Universe, ko da yake an ce amarya ba ta laifi, tana da nata. Inuwa ta yi mata kaɗan, itatuwanta ba su gama girma ba, kuma da yawa daga manyan abubuwan hawanta a sarari suke. A Fulorida, daga Yuni zuwa Satumba, da wuya la'asar ta wuce ba hadari da tsawa, kuma da an ga walƙiya a kusa sai a tsayar da duk abin da ke waje. Yini ɗaya da ka biya dala 139 ko fiye a kan kowane kai zai iya raguwa da sa'a biyu ko uku.

Tsawon yaranka ya fi ra'ayinka

Kafin ka sayi tikiti, ka jingina yaranka da bango ka auna su. Ban faɗi wannan don ado ba. Abin da Universal ta fi ƙwarewa a kai shi ne lilon dogo, wato keken nan da ke gudu a kan titin ƙarfe yana hawa yana gangarowa yana kifewa da mutane. Kowanne yana da sandar awo a ƙofa, kuma ba a yin alfarma. Lilon babur na Hagrid da Stardust Racers suna neman santimita 122, VelociCoaster 130, na Hulk 137. Yaro ɗan shekara biyar da bai kai ba, zai tsaya a waje da uwarsa yana kallon yayyensa suna shiga, kuma an biya masa kuɗin da bai yi ƙasa da na babba sosai ba. Akwai abin yara a Universal, musamman unguwar Seuss da tsibirin Berk da wani ɓangare na Nintendo, amma ba su ne ƙashin bayan gidan ba.

Magic Kingdom kuwa don ƙanana aka gina ta. Jirgin ruwan 'yan tsana, giwar Dumbo mai tashi, Peter Pan, kwalekwalen daji, jirgin 'yan fashin teku, duk ba su da sandar awo. Jariri a cinya, kaka a gefe, kowa ya hau tare. Da dare a yi wasan wuta a saman fada. A Animal Kingdom ana ɗaukar mutane a babbar mota a ratsa su cikin fili mai raƙuman dawa da giwaye da zakuna da karkanda na gaske. Mu da muka fito daga Afirka, da yawa cikin yaranmu na birni ba su taɓa ganin waɗannan dabbobi suna yawo a sake ba, don haka kar a raina wannan. In tafiyar ta haɗa da dattijuwa, ko mai ciki, ko mai ciwon baya ko hawan jini, Disney ta fi ba su abin yi nesa ba kusa ba. Da tsohuwar zuma ake magani, kuma fiye da shekara 50 na koyon yadda ake tafiyar da taron iyali ba abu ne da kuɗi ke saya a dare ɗaya ba.

Da zarar yaro ya kai shekara tara ko goma, ma'aunin ya karkata. Irin waɗannan sun taso da wasan Mario a hannu, kuma gudu suke so. Disney tana da nata masu zafi, kamar TRON da ta buɗe a 2023 da na Guardians of the Galaxy a EPCOT, amma a warwatse suke, ɗaya ko biyu a kowane dandali, kowane dandali da tikitinsa. A Islands of Adventure kaɗai matashi zai samu abin da zai ishe shi yini guda. Abu ɗaya da zan ja kunne a kai: tsohon dandalin Universal Studios ya cika abubuwan hawa masu majigi, a zaunar da kai gaban allo kujera tana jijjiga. Mai saurin jiri ya yi hattara. A duka gidajen biyu yaro ƙasa da shekara uku kyauta yake shiga, daga shekara goma kuma kuɗin babba ake biya masa.

Kuɗin da ba a rubuta a jikin tikiti

Wannan ne wurin da gasar ba ta yi wa mai saye rana ba, kuma yana damuna. Daga 1999 Disney tana da tsarin da ake kira FastPass, wanda kowa zai kama lokaci kyauta ya dawo ya shiga ba tare da dogon layi ba. A 2021 aka soke shi, aka kawo na kuɗi, wanda yanzu ake kira Lightning Lane. Kana biya kan kowane mutum, kowace rana, farashin yana hawa da sauka gwargwadon cunkoso, kuma abubuwan hawa mafiya farin jini ana sayar da nasu daban. Akwai wani babban aji da aka ƙaro a 2024 wanda a ranakun biki yake haura dala 400 kan mutum ɗaya a Magic Kingdom, bayan kuɗin shiga. Motar da take ɗauko baƙin otal ɗinta kyauta daga filin jirgi ma an tsayar da ita a farkon 2022. Biliyoyin nan da ake ta sanarwa daga wani wuri suke fitowa, kuma wurin shi ne aljihun uban yara.

Ban da kuɗin, akwai wahalar. Tsarin Disney yana so ka zauna da waya kwanaki kafin tafiya kana kama lokaci, sannan a cikin dandalin ma idonka yana kan waya. Ba a fafe gora ranar tafiya a Disney. Wanda ya iso bai shirya ba zai sha layin sa'a ɗaya da rabi sau uku ya ce an cuce shi.

Na Universal, Express Pass, ya fi tsada in za a saye shi kai tsaye, amma ba shi da ciwon kai: ka nuna, ka shiga gajeren layi. Akwai kuma wata ƙofa da ta cancanci a yi mata lissafi da biro. Otal uku nata, Portofino Bay da Hard Rock da Royal Pacific, suna ba duk wanda ke cikin ɗakin wannan izini kyauta a tsofaffin dandali biyu, har da ranar shiga otal da ranar fita. Ke nan kwana ɗaya yana ba da yini biyu. Ga iyali mai mutum huɗu ko biyar, sau da yawa kuɗin ɗakin bai kai na sayen izinin ɗaya bayan ɗaya ba. Amma a lura, wannan kyauta ba ta aiki a Epic Universe, can sai an saya daban. Kuma Universal tana da nata hanyar tatsa: sandar tsafi ta unguwar Harry Potter da abin ɗaurawa a hannu na Nintendo, waɗanda ake wasa da su a cikin unguwannin, duk saye ake yi, kuma yaro in ya ga na wasu ba zai yi shiru ba.

Batun zirga-zirga gajere ne. Disney gari ce guda, da motocin bas da jiragen ruwa da jirgi mai tafiya a kan dogo ɗaya da keken igiya mai ratsawa ta sama, duk kyauta, amma daga ɗaki zuwa ƙofar dandali kan ci minti 40 ko fiye. Dandalinta huɗu suna son aƙalla yini huɗu, biyar in ana so a huta. Tsofaffin dandali biyu na Universal kuwa maƙwabta ne, da ƙafa ake ratsawa, sai Epic Universe da ke 'yan kilomita kudu, ana zuwa da bas. Yini uku ya isa a ga duka, huɗu in ana son maimaici. Kowace rana da ka rage, ka rage kuɗin ɗaki da na abinci. Wurin ajiye mota a duka biyun ya haura dala 30 a yini.

Abin da iyali Musulmi za su so su sani

A nan Disney tana da wata fa'ida da ba a cika faɗa ba: tana barin mutum ya shigo da abincinsa da abin shansa, in dai ba giya ba ce kuma ba a kwalba ba. Uwar gida za ta iya dafa shinkafa da kaza a masauki mai kicin, a zuba a roba a shiga da ita. Ga mai neman halal, ga kuma mai yara biyar, wannan ya warware matsala biyu a lokaci ɗaya. Universal ta fi tsanani, ruwa da 'yan ƙananan abin taɓawa take bari, sai abincin jarirai da na masu lalura. Game da giya, a Magic Kingdom ba a yawo da ita, sai a wasu gidajen abinci na zama. EPCOT kuwa, musamman da yamma da lokacin bukukuwan abinci, shaye-shaye ya yi yawa a zagayen ƙasashen duniya da ke bakin tafki, ko da yake a can ne rumfar Maroko take, wadda Sarki Hassan na Biyu ya aiko magina daga ƙasarsa suka ƙawata, da hasumiya irin ta masallacin Kutubiyya na Marrakesh. A je ta da hantsi. A Universal ma ana sayar da giya a fili. Abin shan nan mai suna Butterbeer kuwa, duk da sunansa, babu giya a cikinsa.

Sai maganar abin da ake nunawa. Zuciyar Universal labarin makarantar masu sihiri ce, kuma Dark Universe ta dodanni ce da masu shan jini. Akwai iyayen da suke ɗaukar wannan tatsuniya ce kamar ta Gizo da Ƙoƙi, akwai waɗanda ba sa son yaransu su kusance shi. Kowane uba ya san gidansa. Abin da kawai zan ce, wanda zai tsallake waɗannan unguwanni ya tsallake kusan rabin abin da ya sa Universal ta cancanci kuɗinta, gara ya nufi Disney, ko da yake ita ma labaranta ba su rasa aljanu da mayu ba. A watannin Satumba da Oktoba kuma Universal Studios kan rufe da wuri a wasu darare don bikin ban tsoro da ba na yara ba ne.

To, in ni aka tambaya. Iyalin da babban yaronsu bai wuce shekara bakwai ba, ko masu tafiya da tsofaffi, su je Disney, amma kar su sayi dandali huɗu don kawai huɗu ne. Yini biyu a Magic Kingdom da ɗaya a Animal Kingdom ya fi musu. In kuma yaran ƙanana ne ƙwarai har za a iya jira, a jira a gama gine-ginen, domin kuɗi ɗaya zai sayi abu mafi yawa bayan 2027. Iyalin da yaransu suka kai goma zuwa sama, su je Universal ba tare da waiwaye ba, su ba Epic Universe yini biyu in da hali saboda hadari, kuma su guji tsakiyar bazarar can da makon Kirsimeti. Ƙarshen Janairu zuwa farkon Fabrairu, ko farkon Nuwamba, sun fi sauƙin rana da taro. Masu gauraye, manya da ƙanana, su sauka a Universal yini uku su sayi tikitin yini ɗaya na Magic Kingdom. Abin da ban ba da shawara ba shi ne raba mako biyu-biyu daidai, domin a duka gidajen tikiti yana araha ne in kwanaki sun yi yawa, kuma mai rabawa yana biyan mafi tsadar kwanakin kowane gida.

Ga wanda Amurka ta yi wa nisa, ko biza ta yi wuya, wannan gasa ta riga ta matso kusa da hanyar da mutanenmu suka saba bi. A tsibirin Yas na Abu Dhabi akwai Ferrari World tun 2010, da lilon dogonta mai gudun kilomita 240 a sa'a, da Warner Bros. World tun 2018, da SeaWorld tun 2023, kuma yawancinsu a cikin gini suke da sanyin na'ura saboda zafin ƙasar. Makonni biyu kafin Epic Universe ta buɗe, a Mayu 2025, Disney ta sanar da cewa za a gina dandalinta a wannan tsibiri. Kamfanin Miral na Abu Dhabi ne zai zuba kuɗin ya yi ginin ya gudanar, Disney ta ba da suna da zane ta karɓi kasonta. Universal kuma ta nufi Bedford a Ingila, da niyyar buɗewa a 2031. Dukansu sai nan da shekaru, don haka mai yaro ɗan shekara goma yau kar ya jira su. Warner Bros. World da SeaWorld suna nan a buɗe, da masallatai da abincin halal a ko'ina, kuma tafiyar kamar sa'a ɗaya ce a mota daga Dubai.